Allura a Wuyan Mahauci

"Juya wuyanka hagu, Malam Sale, kada ka motsa," in ji likita.

Ina kwance, gumi ya jiƙe min riga. Babur ne ya kayar da ni a hanyar Mai'aduwa, ƙashin da ke tsakanin wuya da kafaɗa ya karye. Aka ce za a yi min allura a wuya a kashe ciwon, a yi aiki idona biyu.

Ni fa mahauci ne. Haka nake kwantar da rago in juya masa wuya.

Na ce, "Likita, na san abin da ke wurin nan. Kuskure kaɗan, jini ba ya tsayawa."

Ya nuna min allon na'urarsa. "Ga jijiyar da kake tsoro, ga allurata can gefe. Ina kallonsu."

Na yi kalmar shahada. Kafaɗa ta mutu murus, ciwo ya ɗauke, amma gabana bai daina faɗuwa ba.

Na warke, alhamdulillahi. Sai dai jiya da na kama wuyan rago ya kalle ni, ajiye wuƙar na yi na zauna.

Jama'a, wannan tsoron yana wucewa kuwa?