Ɗan Karkaren Goggo

Cikina na fari ya fara tsufa lokacin da maigidana ya sa ni a mota daga Kankiya zuwa Bauranya goyon ciki. Can gidan Goggo aka kai ni. Ƙanwar babana ce, ita ta riƙe ni tun daga yaye har ta kai ni ɗakin miji, saboda haka ban san wani gidanmu ba sai nata. Mijinta ya daɗe da rasuwa, tana zaune da ɗanta da matarsa.

Lokacin kaka ne, tsakar gidan cike da gyaɗa da harawa. Ta fito tarbata da fara'a, amma hannunta na dama a ɗage kamar mai shirin rantsuwa. Babban yatsanta yana cikin lemun tsami. An huda lemun an zura yatsan ciki, ya zauna masa kamar hula.

"Goggo, me ya samu hannun?"

"Ɗan karkare ne. Sartsen kara ya shige mani ƙarƙashin farce. Ya kusa nuna, kada ki damu. Shigo daga ciki."

Ta rungume ni. A nan na fara jin warin. Tun da na samu cikin nan hancina ya buɗe, ina iya jin tafasar miyar maƙwabta daga ɗakina. Wannan kuwa ba ya buƙatar hancin mai ciki. Tsamin lemo ne a sama, a ƙarƙashinsa kuma wani abu kamar naman da aka manta cikin kwano a rufe lokacin zafi. Na riƙe numfashi har ta sake ni.

Duk wanda ya san Goggo ya san ta da abinci. Kwaɗonta na zogale da na rama, dambunta, furarta, babu wanda ke kushe su a unguwar. Kuma duk aikin hannu ne, ana murzawa, ana cuɗawa. Tun da ta ji zan zo ta hana matar ɗanta taɓa tukunyata. 'Yarta ce ta zo da ciki, ita za ta ciyar da ita.

Na ce, "Ki bari mana a taya ki, tunda hannun ba lafiya."

"Yatsa guda ne. Sauran huɗun fa, mutuwa suka yi?"

Haka take yi. Ta miƙar da babban yatsan sama da lemunsa, ta cusa sauran cikin zogale tana cuɗawa da ƙuli. Ba ta yarda ta sa hagu a abinci. Ni kuwa ina zaune kan tabarma, idona a kan lemun. Wani ruwa yakan taru a bakinsa, ya gangaro ta gindin yatsan zuwa wuyan hannu. Wani lokaci ta goge a zani. Wani lokaci ba ta lura ba. Idan ta ajiye mini kwano sai ta zauna gabana tana kallon bakina, tana murna. Nakan kai loma, in haɗiye ba tare da na tauna ba, in bi da ruwa.

Kowace safiya takan sauya lemun. Ranar da na fara ganin yatsan a buɗe, sai da na dafa bango. Ya kumbura ya ninka ɗan'uwansa, yana ƙyalli. Fatar kansa ta jiƙa ta yi fari ta yamutse, kamar ta wanda ya yini cikin wanki. Farcen ya ɗago daga mazauninsa, ƙarƙashinsa wani kore-kore da rawaya. A gefe akwai wata 'yar kafa da mugunya ke tsattsafowa. Ƙudaje suka bar bawon gyaɗa suka taho. Ta kore su da hagu, ta barbaɗa kanwa cikin sabon lemo, ta cije leɓe, ta tura yatsan. Hawaye suka zubo mata. Tsohon lemun ta wurga bayan rumbu, kaji suka bi shi da gudu. A ranar na daina cin ƙwai a gidan.

Ba lemo kaɗai yatsan ya sha ba. Duk wadda ta shigo dubiya da nata maganin take zuwa. An ɗaura masa lalle. An shafa man shanu. Wata maƙwabciya ta kawo kashin saniya mai ɗumi a ganye ta ce shi ke janyo ruwan waje, aka kuwa lafta, ya yini a ɗaure da tsumma. Wani ya aiko a tsoma cikin fetur, aka tsoma. Ruwan batir ne kawai ɗanta ya hana, ya ce sai dai bayan ransa. Shi kansa ya yi maganar asibiti har ya gaji. Amsarta ɗaya ce: su can yankewa suke yi, ita kuma da yatsunta cif za ta koma ga Ubangijinta.

Na yi ta daurewa har ranar kwaɗon rama. Da hantsi ne, ina jin yunwa sosai, na ci loma biyu ko uku lafiya. Sai na ji wani abu a harshena, mai santsi, mai tauri kaɗan, wanda ba ya taunuwa. Na zaro shi. Fari ne, siriri, faɗinsa bai kai farce ba. Na so a ce bawon albasa ne. Na juya shi a tafin hannuna, na ga 'yan layuka irin na fatar yatsa.

Ban kai bayan gida ba. A bakin rariya na durƙusa, na amayar da ramar da kokon safe, na ci gaba da kakari bayan babu sauran komai. Matar ɗan Goggo ta riƙe mini kafaɗa tana zuba mini ruwa. Da na ɗago na ga Goggo tsaye da kwanon. Ta ga abin da na yar a kan tabarma, ta dubi hannunta.

Na ce, "Goggo, don Allah ki yi haƙuri. Ba zan iya ƙara cin abin da hannun nan ya taɓa ba."

Ta ɗago hannun mai lemun. Sannan ta ce, "Hannun da kike ƙyama, shi ya wanke maki kashi. Shi ya matse maki ƙurajen kai sadda kowa ke gudunki."

Ta juye ramar a kwanon awaki, ta shige ɗaki.

Gaskiya ta faɗa, na sani. Ina yarinya na yi ƙora har gashina ya zube, ita ta yi ta wanke kan tana shafa magani. Na tuna duk wannan ina durƙushe a bakin rariya, amma bai hana ni toshe hanci ba duk sadda iska ta kaɗo daga ƙofar ɗakinta.

Daga ranar matar ɗanta ta karɓi girki. Goggo ta rage magana da ni, sai amsa gaisuwa. Hannun kuma ya ci gaba. Kumburin ya sauko bayan hannu, kaluluwa ta fito mata a hammata, zazzaɓi yana zuwa yana tafiya. Da rana sai ka gan ta zaune a inuwar rumbu, ta jingina gwiwar hannun a kan turmi, tana rangaji a hankali, ta ce yatsan bugawa yake kamar ana daka a ciki. Ko alwala sai an zuba mata ruwa.

Ranar awona ta zo. A Kankiya na fara awo, can kuma nake ci gaba. Na ɗauka ba za ta bi ni ba, sai na fito na tarar ta yafa mayafi tana jira a zaure. Fushi daban, barin 'yarta ta hau mota ita kaɗai da tsohon ciki daban. Ta naɗe hannun cikin gefen mayafi. A motar ranar kasuwa, an cusa mu mu huɗu a kujera, na ga matar da ke gefenta tana ta waige-waige tana jan hanci, ta ce wa direba ya duba ko wani ya sako mushe cikin kaya. Goggo ta kafa ido a titi. Ni na kai hancina taga har muka isa.

Ma'aikaciyar da ke awo dattijuwa ce mai tabarau. Ta gama auna ni, tana rubutu, sai ta tsaya ta ɗaga kai.

"Mama, me kika ɓoye a mayafi?"

"Ba komai, 'yar nan. Ɗan ciwo ne, ya kusa warkewa."

"Mu gani."

Goggo ta fito da hannun ba da son ranta ba. Matar ta sa safar hannu ta zare lemun. Warin ya cika ɗakin, wata mai ciki da ke jiran layi a bakin ƙofa ta tashi ta bar wurin. Ma'aikaciyar ba ta yi faɗa ba. Ta juya yatsan, ta latsa bayan hannun, ta taɓa hammata.

"Wa zai yi wa jaririn wanka in an haihu?"

"Ni mana. Wa gare ta in ba ni ba?"

"Da wannan hannun za ki taɓa ɗanyar cibiya?"

Goggo ta dubi yatsan. Matar ta ci gaba:

"Ba za a yanke miki yatsa ba in an buɗe shi yau. Ruwan ciwon ne ya taru ya rasa hanya, yana cin nama yana neman ƙashi. In kika ƙara jira, to ba ni da alkawari."

Goggo ta dubi cikina, ba ta dubi fuskata ba. Ta ce, "To, a yi."

Wani ɗaki aka kai mu can ƙarshen baranda. An ce in jira a waje, amma ta damƙe gefen hijabina da hagu ta ƙi saki, sai aka ba ni kujera. Wani ma'aikaci ya wanke yatsan, ya yi ta wankewa, lalle da kanwa da sauran abin da ban so in tuna ba suna fita a audugar. Ya yi mata allurar kashe zafi a gindin yatsan, ya ɗan jira, sannan ya sa 'yar wuƙa a gefe ya ja. Ban taɓa zaton yatsa guda zai ɗauki abin da ya fito ba. Da farko ya yi tsartuwa har kan rigar ledar mutumin, sannan ya dinga bulbulowa cikin tasa, kauri kamar kunun da ya kwana, rawaya da jini-jini. Ya matsa, wani ya ƙara fitowa. A ƙarshe ya sa hantsaki ya zaro sartsen, baƙi, bai kai tsawon ƙwayar shinkafa ba. Ya nuna mata.

Na toshe baki da hijabi, miyau yana taruwa. Ban yi amai ba, don babu inda zan yi, Goggo kuma ba ta sake ni ba. Da aka gama ta sauke wani dogon numfashi, ta ce, "Bugun ya tsaya."

Aka cusa wani siririn ƙyalle a ramin aka naɗe. Aka yi mata allurar tsatsa, aka duba jininta ko akwai suga, babu. Aka ba ta ƙwayoyi aka ce ta shanye su duka ko ta ji sauƙi, ta riƙa zuwa wankin ciwo a Kusada tunda ya fi kusa. Mutumin ya ce da tun farko an cire sartsen, an riƙa tsoma yatsan a ruwan ɗumi da gishiri, da wataƙila ba a kai nan ba. Goggo ta ce lemun ne ya nunar da shi har ya samu abin matsewa. Ya yi dariya bai musa ba.

Ɗanta ne ya riƙa kai ta wankin ciwon a mashin. Kumburin ya saɓe, warin ya tafi, sai na maganin asibiti. Wata safiya ana kwance ƙyallen, sai farcen ya biyo shi gaba ɗaya. Ta ƙulle shi a gefen zani ta kawo gida, ta kira ni in gani. Na ce na yafe. Ta tona rami a gindin katanga ta binne.

Na haihu kafin ramin ciwon ya gama cikewa, mace. Matar ɗan Goggo ce ta yi wankan farko, Goggo na zaune a kan kujera 'yar tsuguno da naɗaɗɗen yatsa, tana ba da umarni: ruwan ya yi zafi, tallabe kan, ba haka ake riƙe jariri ba. Sai bayan cibiya ta faɗi, ciwon ya bushe, sannan ta karɓi aikinta, ba ta kuma sake barin kowa ya taɓa ba har muka yi arba'in.

Wani farcen ya fito daga baya, mai kauri, a karkace, da tsaga a tsakiya. Kan yatsan ya ɗan motse, kuma ba ya lanƙwasuwa sosai. Allura ta gagare ta riƙewa, ɗinkin faifai ma ta bari. Ranar da mota ta zo mayar da mu Kankiya, ta rako mu har bakin hanya da jaririyar a kafaɗa, tana yi mini faɗan kada in yarda in daina shan kunun kanwa don na koma gari.