Kanku Bai da Butar Tagulla

Shekara ashirin da shida Kanku Bai ta yi tana wanke kwalabe a ɗakin gwajin kwalejinmu a Udaipur, ƙasar Indiya, kuma ban ga wanda ɗalibai ke shakka kamarta ba, har da shugaban sashe. 'Yar gajeruwa ce, hannayenta duk kaushi saboda ruwan asid. Ko sunanta ba ta iya rubutawa ba, amma abin da ke ɓata gwaji ta fi mu masu digiri saninsa.

Ranar da na fara aiki na ci kwalliya, hoda har wuya. A bakin ƙofa ta tare ni.

"Baisa, biki kika zo ko aiki?"

"Aiki, Kakisa," na ce. Haka ake kiran girmamawa a wajenmu, da "sa" a ƙarshe: Baisa ga budurwa, Kakisa ga inna, Basa ga dattijo.

"To ga famfo can. Hodar nan taki akwai tutiya a ciki. Ƙwaya ɗaya ta faɗa min a kwalba, wankin kwana uku ya tashi a banza."

Na wanke fuska ina ƙunƙuni, a raina ina cewa wannan tsohuwa ta cika iyayi. Ashe gaskiya ce da ita. Aikinmu gaba ɗaya a kan tutiya yake, sinadarin da likitoci ke kira zink. Akwai wani ƙullutu a ƙasan mafitsarar namiji da ke tara shi, idan ciwon daji ya kama wurin sai ya ragu. Shugabanmu Dakta Paliwal ya ƙera wani ɗan tsinke kamar na awon suga, a ɗiga masa fitsari, na'ura ta nuna lamba. Lamba ta yi ƙasa, sai a tura mutum asibiti a bincika sosai. Lokacin gwada shi muke yi, kuma ɗigon tutiya daga waje ya isa ya sa tsinken ya yi ƙarya.

Kai, zamani ya yi daɗi! Ƙarfe goma da rabi mu fita gindin darbejiya, Kanku ta dafa shayi mai citta, mu yi ta cin kachori, soyayyen fulawa mai yaji, muna gulmar malamai. Ita ta san wanda ke son wa a cikin ɗalibai tun kafin su kansu su sani. Har yau in na ji ƙamshin citta sai kewar wurin ta kama ni.

Da muka fara neman dattawan da za a gwada, Kanku ta ce sai an sa mijinta. Rodilal sunansa, ita kuwa ba ta taɓa faɗa ba, sai dai "baban Sohan". Tsohon mahaƙin ma'adinai ne daga garin Zawar, dogo, mai gashin baki da son barkwanci. Ta raɗa min cewa fitsari yana ba shi wahala, ya daɗe a bayi, kuma ya ƙi zuwa asibiti.

Ya zo da rawaninsa, ya ji bayani, ya kwashe da dariya.

"Dakta-sa, ni za a nema wa tutiya? Shekara talatin ina haƙo ta. Ku matse ni ku yi kwanon rufi."

"Rufe mana baki, tsoho," in ji Kanku. "Karɓi kwalba, ga bayi can."

Nan fa wasa ya ƙare. Ya dubi kwalbar, ya dubi mu 'yan mata huɗu, ya ce shi da furfurarsa ba zai ratsa gaban 'ya'yan cikinsa riƙe da fitsari ba, ko za a yanka shi. Doka ita ce a yi a wurinmu. Kanku da ba ta taɓa ɗaga wa kowa ƙafa ba, ranar ta roƙi Dakta a bar shi ya yi a gida, ita da kanta za ta kawo. Wa zai yi musu da Kanku a kan kwalba? Aka bar shi.

Washegari na ɗiga, lamba ta haura sama, ta fi ta kowa. Kanku ta sayo alkakin jalebi ta raba mana, Rodilal ya aiko a gaya wa Dakta ai da ma ya faɗa. Muka ce duk da haka ya ga likita saboda wahalar fitsarin, amma mutumin da aka ce masa lafiyarsa lau, wa zai ja shi? Mu ma ba mu matsa ba, kuma wannan yana ci min rai har gobe.

Bayan wata takwas ciwon baya ya kwantar da shi. Asibiti suka ce dajin ne, ya riga ya shiga ƙashi.

Dakta Paliwal ya tara mu, ya ce tsinkensa ya yaudari mutum, ya dakatar da aikin. Kwana biyu sai ga Kanku ta shigo da wani abu a ƙunshe cikin mayafi. Ta ajiye a kan tebur. Butar tagulla ce, irin wadda kowane gida ke da ita a bayi.

"Baisa, zuba mata tataccen ruwa da ɗan tsami, ki ba ta awa ɗaya, ki gwada."

Na yi. Lamba ta tashi kamar ta ranar. Tagulla ai haɗin jan ƙarfe ce da tutiya, duk mun karanta a aji. Ashe a cikin butar Rodilal ya yi fitsarin, ya ajiye har ya gama wanka, sannan ya juye a kwalba.

"Tsinkenka bai yi ƙarya ba, Dakta-sa," ta ce. "Ni na yi sake. Ina korar yara a kan hoda, na bar tsohona ya tafi gida da kwalba."

Aka ci gaba da aikin, ita kuwa ta ɗauki kujera ta kafa a ƙofar bayi. Duk dattijon da ya kawo zancen kunya sai ta ce, "Shiga, Basa, na haifi uku, ba abin da ban gani ba." Mutum biyu a cikinsu an gano nasu ciwon da wuri, an yi musu aiki.

Rodilal ya rasu kafin damina. Da na je ta'aziyya, baki ya suɓuce min na ce kunyar nan tasa ce ta jawo. Ta girgiza kai.

"Ni ma haka na zata, har na yi masa faɗa a gadon asibiti. Ya ce min, 'Uwar Sohan, hannuna rawa yake, bakin kwalbar kuma ƙarami, shi ya sa na yi a buta na tsiyaya. Na ga ke za ki riƙe ta a bas har cikin gari. Ban so fitsarin ya taɓa miki hannu ba.'"