Malama Haulatu ta Bencin Baya

Kafin a kaɗa ƙararrawa, Malama Haulatu ta riga ta isa firamaren ƙauyensu a ƙasar Dutsi, ta sa an share aji ɗaya. Sai ta miƙa wa sabon malami alli, ita kuma ta koma bencin baya ta matsu cikin yara.

Kana tsaka da zuba bayani, sai ka ga hannunta a sama. "Malam, ni fa ban gane ba." Ka maimaita, ta ce har yanzu. Sai ka yi gumi ka sauko da harshenka daidai kunnen yaro, sannan ta sauke hannu. Siddiƙa, mai digiri da aka turo mata bara, kuka ta yi a makon farko, ta ce ta bar aikin. Malama ta bi ta har bakin titi ta dawo da ita. A ranta ta ce ga magajiya, tunda ritaya ta matso.

Sai ga jami'in ilimi da albishir: duk sabon malamin da ya kammala zaman koyo a hannun tsohon malami, jami'a za ta ba shi maki, a rage masa karatun digiri na biyu.

Wannan karon da gaske Malama ba ta gane ba. "Wai zama da ni ya zama karatun jami'a? Ni da ko ƙofarta ban sani ba?" Ya ce ƙwarai. "In Siddiƙa ta samu makin fa?" Ya ce sai ta wuce Katsina ta ƙarasa. "Ikon Allah! Na raine ta don ta zauna, ku kun saka mata don ta tafi?"

Malama Haulatu, ke aka tambaya ko Siddiƙa ta kammala. Da kin ce da saura, da ta ƙara miki shekara, ba wanda zai sani. Amma kika ce, "Ta iya. Je ki, 'yata, Allah ya ba da sa'a."

An yi ritayar, ba a turo kowa ba. Har yau kina aji ɗaya kowace safiya, babu albashi, kina cewa ba ki san ko riba kika ci ko faɗuwa ba. Mu ma wallahi ba mu sani ba. Mun gode, uwar malamai. Ku manyan malamai, in naku suka tashi tafiya, ku sake su kamar yadda ta yi. Masu turo malamai kuwa, ku ji kunya, tsohuwa kuka bar wa yaran nan.