Mayafin Kwastoma

A layin nan da shaguna suka jeru suna kallon kwalbati, tsakanin shagon Tela da na mai gyaran agogo, akwai wani ɗan shagon turare wanda idan mutum biyu suka shiga, na uku sai dai ya jira a waje. A nan Hanci ya ƙare ƙuruciyarsa, a nan ya yi furfura. Yana da sunansa na gaskiya kamar kowa, amma tun yana saurayi maigidan da ya koya masa haɗa turare ya laƙaba masa Hanci, sunan kuwa ya bi shi ya zauna daram.

Ba a banza aka sa masa ba. Kafin ka gama sallama ya gaya maka sabulun da ka yi wanka da shi, da abin da ka karya da shi, wani lokacin har gidan da ka biya kafin ka iso. Tela yakan ce duk mai abin ɓoyewa ya canza hanya. Haɗinsa duk a ka yake. Zai ɗiga sandal a kwalba, ya bi shi da wardi, ya girgiza, ya shafa a bayan hannu, ya bari ya sha iska, sannan ya kai hanci ya lumshe ido. In ya ce saura kaɗan, to saura kaɗan ɗin ne, ko mai saye yana sauri sai ya jira.

Abin dariya abin tausayi, mutumin nan fuka gare shi tun yana yaro. Mai fuka a shagon turare! Duk likitan da ya duba shi sai ya ce ya sake sana'a. Hanci ya ce to, ya yi godiya, ya fito ya miƙe shago. Iyakar sassaucin da ya yi shi ne ya daina ajiye na feshi da na hayaƙi, ya tsaya a kan na mai, wanda ba ya tashi ya shaƙe mutum. Abin shaƙarsa kullum yana aljihun gaba. Idan ƙirjin ya fara kukan nan nasa irin na tsohuwar ƙofa, sai ya fito ya zauna a benci, ya shaƙa, ya dafa gwiwa har numfashi ya daidaita, ya koma ciki kamar ba shi ba.

A shagon ya samu matarsa. Wata yarinya ce ta shigo ta sa ya buɗe mata kusan duk kwalaben da ke kanta, ta shinshina, ta yatsine fuska, ta fice ba ta sayi ko ɗigo ba. Ta dawo ta maimaita. Da abin ya ishe shi ya ce, "Baiwar Allah, wai me kike nema ne?"

Ta ce, "Wanda ba ka haɗa ba tukuna."

Haushi ya sa ya zauna ya haɗa mata nata, da sandal a ƙasa, da miski, da ɗan ambar, da wardi a sama. Ta shafa, ta shinshina, ta ce ba laifi. Tun daga ranar yake kiranta Kwastoma, har suka yi aure, har suka aurar da 'ya'ya, har jikoki suka fara tambayar ko sunan kakarsu ke nan. Ita ma ba ta taɓa ce masa komai ba sai Mai Shago. Wannan haɗin bai taɓa sayar wa kowa ba, duk da matan layin sun yi naci har sun gaji.

Ya haura hamsin hancin ya fara toshewa. Da fari ya ɗauka mura ce ta ƙi tafiya. Aka leƙa a asibiti aka ce tsiro ne, wani nama mai laushi da ke fitowa a hancin wasu masu fuka. Aka yi masa aiki aka cire, ƙamshi ya dawo na ɗan lokaci, sai tsiron ya sake fitowa, wannan karon ya rufe hanya ruf. Sandal da ruwan famfo suka zama ɗaya a wurinsa. Tela ya ce, "Kai ka huta, kai kaɗai ne kwalbatin nan ba ya damu a layin nan." Hanci ya taya shi dariya, amma ranar ko abincin dare bai taɓa ba.

Kwana biyu bayan haka Kwastoma ta ɗauko kujerar roba daga gida ta dasa ta a bayan kanta. Shi ya ɗiga, ita ta shinshina.

"Ƙara wardi, Mai Shago."

"Wardin nan ya isa."

"Kai ke ji ko ni?"

Sai ya ƙara yana gunaguni. Mutanen layin har yau in ana hirar da, wannan zamanin suke tunawa: tsoho da tsohuwa a ɗan akurkin shago suna musu a kan ɗigo ɗaya, masu saye sun yi cirko-cirko a ƙofa suna dariya, mai agogo yana leƙowa yana cewa a rage murya agogunansa na firgita. Hanci da kansa ya sha faɗa cewa bai taɓa jin daɗin sana'ar ba kamar a waɗannan shekarun da ba ya jin komai.

Ciwon da ya ɗauke Kwastoma bai ja lokaci ba. Da aka zo raba kayanta, Hanci ya zare mayafi guda, mai ruwan ƙasa, wanda ta yafa a zuwanta shago na ƙarshe. Ya miƙa wa Auta, ƙaramar 'yarsu, wadda ke koyarwa a makarantar firamare tana zaune da mijinta a bayan layinsu. Ya ce, "Da ƙamshinta a jiki?" Auta ta kai fuska, ta fashe da kuka, ta gyaɗa kai. Ya ninke shi ya sa a leda, ya sa ledar a gwangwani mai matsattsen murfi, ya ɗora a saman kabad. Kwalbar Kwastoma ta riga ta ƙare tun kafin ta kwanta, kullum suna cewa gobe za su haɗa wata. Saboda haka duk duniya babu inda ƙamshin matar nan ya rage sai cikin gwangwanin, mai gwangwanin kuma ba ya ji. Ya kuma fi kowa sanin cewa ƙamshi ba ya dawwama a tufa, duk buɗewa ɗaya sai an yi asarar wani abu.

Haɗi ya tsaya a shagon. Ya koma sayar da na kamfani a rufe, Auta kan zo bayan an tashi makaranta ta karɓe shi ya je ya huta.

Ana nan, wata rana ya je ganin likitarsa ta ƙirji, wata matashiya mai saurin magana wadda ta kusa sa'ar Auta. Ta gama sauraron bayansa ta ce, "Baba, akwai wani bincike da ake yi a nan, ina ganin ka dace da shi. Da ana ɗaukar fuka daban, tsiron hanci daban. Yanzu an gane cewa a jikin wasu mutane kumburi iri ɗaya ne ke haddasa su duka biyun, gwajin jininka kuma ya nuna kana cikinsu. Akwai allurar da ake gwadawa don kwantar da kumburin tun daga tushe."

Hanci bai tambayi ƙirji ba. Ya ce, "Zan ji ƙamshi?"

"Da irin waɗannan allurai wasu sun ji, wasu ba su ji ba. Ba zan yi maka alkawari ba. Sannan ka sani, a zangon farko rabin mutane ne za su samu maganin, sauran rabin ruwan gishiri za a yi musu. Na'ura ce ke rabawa, ni kaina ban san na wa ne na wa ba."

"Yanzu 'yata, ki dubi furfurar nan ki ɗura min ruwan gishiri?"

Ta yi dariya ta ce sai da haka ake bambance aikin magani da aikin sa rai, kuma magungunansa na kullum ba za a taɓa su ba. In zangon ya cika, kowa za a ba shi na gasken. Ya lissafa watanni, yana tuna saman kabad. Ya ce a sa da shi.

Haka ya shiga zirga-zirgar asibiti. Ya hura bututu har idonsa ya yi ja, a ɗebi jini, a zura masa siririyar fitila a hanci. Wanda ya fi ci masa rai shi ne gwajin ƙamshi. Nas za ta sa ya rufe ido, ta cire murfin wani abu mai kama da biro ta kai masa hanci, ta ce, "Me ka ji, Baba?" Mutumin da ake kira Hanci sai ya ce bai ji komai ba, ta buɗe wani, ya sake cewa bai ji ba, har su ƙare. Tela ya samu abin yi, kullum sai ya tambaye shi ko yau ma miyar aka ƙara wa gishiri.

Watanni suka shuɗe shiru. A nan ne haƙurin Hanci ya gaza, ya yi abin da da wani ya gani yana yi sai ya yi masa faɗa. Ya fara sauko da gwangwanin duk ranar da aka yi masa allura, wai ko an dace. Daga baya ya koma kowace safiya. Ya buɗe, ya tusa fuska a mayafin, ya ja numfashi har tari ya sarƙe shi, babu komai sai laushin yadi. Ya san ɓarna yake yi, amma hannunsa ya ƙi jin magana. In Auta ta shigo gaishe shi sai ya miƙa mata ya ce, "Duba min, yana nan?" Ta ce, "Yana nan, Baba." Sai hankalinsa ya kwanta zuwa gobe.

Zangon farko ya cika, aka koma ba kowa na gasken. Ƙirjin ne ya fara amsawa. Ya hau matakalar asibiti bai tsaya a tsakiya ba, abin shaƙar nan ya yi kwana da kwanaki a aljihu ba a neme shi ba. Likita ta leƙa hancin ta ce tsiron ya fara motsewa. Hanci ya ce Allah ya sa, bai yarda ya yi murna ba.

Wata safiyar Asabar yana zaune a benci yana kallon titi, sai wani abu ya daki fuskarsa. Ya waiga hagu, ya waiga dama. Ya miƙe zumbur.

"Tela! Kwalbatin nan wari yake yi!"

Tela ya ɗago daga kan keke ya ce, "Yau ka sani? Mu da muke..." Sai maganar ta maƙale, ya saki baki yana kallonsa.

Hanci bai tsaya rufe shago ba. A hanya duniya ta yi ta faɗo masa: hayaƙin mota, lemon da ake ɓarewa, guga mai zafi a kan riga, jiƙaƙƙiyar ƙasa a bakin famfo. Bai kula ko ɗaya ba. Ya tarar da Auta tana share masa ɗaki kamar yadda ta saba in babu makaranta. Ya wuce ta ya sauko da gwangwanin, ya zauna a bakin gado, ya fizge murfin har ya faɗi ƙasa. Ya warware ledar ya kai mayafin fuska.

Ƙamshi ya cika masa kai. Ya lumshe ido, zuciyarsa ta yi tsalle, sai kuma ta tsaya cak. Wardin yana nan a sama, tsaye, da kaifinsa. Wardi kuwa shi ke fara barin tufa, mayafin da ya daɗe haka bai kamata a samu komai a jikinsa ba sai ɗan sandal da miski can ƙasa. Wannan turaren bai yi mako da shafawa ba. Haɗin ya yi kusa ƙwarai, kusan da ba ya samuwa sai mutum ya zauna ya gwada ya zubar, ya sake gwadawa, ambar ɗin ne kawai ya ɗan yi yawa. Ya ƙara tusa hanci yana neman abin da ke ƙarƙashin turaren, man gashinta, hayaƙin girkinta, ɗumin wuyanta. Babu ko ɗaya. Kwastoma ta bar mayafin nan da daɗewa, a ɗaya daga safiyoyin da ya buɗe shi da mataccen hanci. Baƙin ciki ya danne masa ƙirji irin na ranar da aka fita da ita daga gidan.

Ya buɗe ido. Auta na tsaye riƙe da tsintsiya, ko numfashin kirki ba ta yi.

"Baba, hancin ne? Ya buɗe?"

Ya gyaɗa kai.

Ta matso a hankali ta durƙusa a gabansa, ta dafa gwiwarsa. Daga yatsunta ya ji haɗin nan yana tasowa, sandal ya kama fatar har ƙarƙashin farce. Sai ya gane dalilin da ya sa 'yan watannin nan take daɗewa a shago bayan masu saye sun watse. Ta ce, "Ka ji Mama?"

Ya dubi fuskarta, tsoro ya cika ta fal. Bai taɓa yi wa kowa ƙarya a kan turare ba, ko da ciniki zai lalace.

Ya ce, "Ita ce, Auta. Ita ce sak."

Ta kifa kai a gwiwarsa ta saki kuka, tana faɗin alhamdulillahi. Ya ɗora hannu a kanta, nasa hawayen na sauka a kan mayafin. Ita ta ɗauka kukan daɗi suke yi su biyun, shi kuma ya bar ta a haka.