Shafukan da Farfesa Ya Sa wa Hannu

Mu huɗu ne a cikin wannan al'amari. Akwai Farfesa, shugaban shirin horar da likitocin fiɗa, wanda ya koyar da ni tun ina aji uku a jami'a. Akwai ni, ɗalibinsa, da aka turo wani asibiti a yankin Ƙonni don in yi wata shida ina ƙwarewa. Akwai Manjo, shugaban ma'aikatan ɗakin fiɗa, sa'an mahaifina. Na huɗu wani manomi ne daga ƙauyukan Alela, ƙanen matar Manjo, mai gwaiwar da aka taɓa yi wa aiki ta dawo.

Kowane ɗalibi yana da kaye, littafin da ake rubuta ayyukan da ya yi. Doka ta ce shugaban shiri ya tsaya kusa da ɗalibi, ya ga hannunsa a kan wuƙa, ya gyara masa, sannan ya sa hannu. Gwaiwar da ta dawo ta fi ƙarfina, domin tabon aikin farko yakan haɗe hanji da jijiyoyi. Saboda haka na ajiye manomin sai ranar da Farfesa zai zo. Ya kwana bai ci kome ba, ya kwanta a kan gadon turawa tun hantsi.

Farfesa ya iso bayan azahar. Shugaban asibiti ya tarye shi da gasasshen rago a ƙarƙashin bishiyar bedi. Na tsaya da kayena har aka fara kwashe faranti, sannan na rusuna.

"Ranka ya daɗe, akwai maras lafiya da ke jiranmu a ciki."

"Jiranmu? Kai da wa?" Ya yi dariya, manyan asibitin suka taya shi. "Miƙo kayen."

A kan murfin motarsa ya buɗe shi. Bai karanta layi ɗaya ba. Ya sa hannu a shafukan da na cika, ya wuce zuwa waɗanda babu kome a kansu, guda goma sha ɗaya, yana rubuta a ƙasan kowanne cewa ɗalibi ya ƙware. Maiƙon rago ya bar sawun yatsansa a gefen takarda.

"Ka cika su a hankali. Ai na san hannunka."

Bai taɓa ganin hannuna a cikin mutum ba. Amma amsar da na ba shi ita ce: na gode. Kafin la'asar motarsa ta bi bayan manyan motocin siminti ta ɓace.

Manjo ya kunce wa surukinsa rigar fiɗa. "Tashi ka sha hura," in ji shi. "Malamin ya ƙoshi, kai ma ka ƙoshi."

Washegari na nemi a tura manomin babban asibitin Tawa. Shugaban asibiti ya buɗe kayena ya nuna mini sa hannun Farfesa. "Wanda malaminsa ya ce ya ƙware, ni wane ne da zan ce bai iya ba?" Na ci gaba da ɗaga ranar aikin, ina fatan wani babba zai biyo ta wurin.

Bayan kwana tara, ana tsakiyar yankan gero, aka kawo manomin a amalanke da rana tsaka, hanji ya shaƙe, yana amai. Na kira Farfesa sau uku bai ɗauka ba. Na yanka, Manjo yana riƙe mini bakin yankan, yana cewa, "Sannu, ɗana, dubi da kyau." Na duba, amma ban san abin da nake gani ba. Na yanke hanjin da ya mutu, amma a cikin tabon na datse jijiyar da ke kai jini ga ɗaya daga cikin marainansa. Mutumin ya rayu, ya yi wata biyu a kwance.

Da Farfesa ya kira daga baya na faɗa masa kome. Ya ce, "Irin haka ake koyo. Ka rubuta a kaye, ai an riga an sa hannu." Na rubuta gaskiyar abin da ya faru, a saman kalmarsa mai cewa na ƙware.

Ga abin da manomin ya rasa. Hanji, taƙi biyu. Maraina, ɗaya. Geron da tsuntsaye suka cinye a gona, dami talatin.