An Duba da Tsakar Rana

A ƙauyenmu na asali, yamma da Gangara, tatsuniya tana da lokacinta kamar yadda shuka take da nata. Sai an gama girbi, an ɗaure dammunan gero an kai rumbu, sanyi ya fara shiga, sannan kakata Hajo take yarda ta buɗe baki. Idan muka roƙe ta da damina, cewa take yi wanda ya yini a gona ba shi da kunnen ji, ita ma ba ta da bakin faɗa.

Da an idar da magariba an ci tuwo, sai mu jikokinta bakwai mu tattaro karan gero da busasshen kashin shanu, mu hura wuta a ƙofar ɗakinta. Takan binne gujiya a cikin toka, kuma ba wanda zai taɓa ko ƙwara ɗaya sai labari ya ƙare. Ni take kira Angona, bisa wasan da ke tsakanin kaka da jika.

"Angona, gyara wutar nan," in ji ta. "Ko so kake amaryarka ta daskare, ka huta da cefane?"

Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi suke yi. Takan dubi ƙofar gida ta ce, "Ga baƙuwa tsaye." Mu kuma mu amsa, "A shigo da ita, a ba ta tabarma." Cikin duk baƙin da ta shigo mana da su, guda ɗaya ce ta biyo ni har cikin aikina, ita ce ta Bushiya da rumbunta.

Bushiya ta noma gero ta cika ɗan rumbunta. Wata safiya ta tashi ta iske an kwashe rabi. Ta kai ƙara wurin Zaki, shi kuma ya tashi Raƙumin Dawa ya je ya dubo sawu, saboda babu mai tsawonsa, babu mai hangen nesa kamarsa. Dila ya ce shi zai yi masa jagora. Tsohuwa Hawainiya ma ta ce za ta bi su, aka yi mata dariya aka wuce ta tun a bakin gari.

A hanya Dila ya ce, "Manzon sarki ba ya aiki da yunwa." Suka tsaya Raƙumin Dawa ya ci ganyen ƙaya. Ya sake cewa, "Manzon sarki ba ya aiki da ƙishirwa." Suka ratse tafki. Ba su isa rumbun ba sai da rana ta take tsaka. Raƙumin Dawa ya sunkuyo daga can sama, ya ga rairayi fari fat, sumul kamar tafin hannu. Ya koma ya ce wa Zaki, "Ban ga sawu ba." Haka aka yi kwana uku a jere, har aka fara cewa Bushiya ce ta cinye geronta ta manta.

A rana ta uku, gab da faɗuwar rana, Hawainiya ta iso. A nan kaka takan sassauta murya, ta ɗaga hannu a hankali kamar mai taka ƙaya. Rana ta yi ƙasa, haskenta ya kwanta a kan rairayi, sai kowane ɗan gurbi ya cika da inuwa. Ga sawun nan reras, tun daga gindin rumbu har ƙofar ramin Dila.

"Ƙasa ba ta yi wa rana magana sai ta rusuna mata," in ji kaka.

Ni kuwa tun ina yaro ba na barin shari'a a buɗe. Na ce, "Kaka, to Raƙumin Dawa ƙarya ya yi?"

"Bai yi ƙarya ba. Abin da ya gani ya faɗa."

"Ashe ba shi da laifi."

Ta tono gujiya ɗaya ta jefe ni da ita. "Ji mini alƙalin ƙauye! Je ka tambayi Bushiya da aka kira maƙaryaciya kwana uku, ta faɗa maka ko ba shi da laifi. Baƙuwa ta naɗe tabarmarta, ku ci gujiyarku."

Kaka ta rasu ina lakwal, wato makarantar boko, a Damagaram. Labarin bai iske ni ba sai bayan kwana tara. Da na zo hutu, kawuna ya kai ni maƙabarta ya nuna mini wani tudu da aka rufe da ƙaya, da tsingaro a wajen kai. Bayan ƴan shekaru rijiyar garin ta rufta, mutane suka tashi suka koma kusa da wata, tafiyar sa'a guda a ƙafa. Garin ya zama kufai. Ƙaya ta ruɓe, rairayi ya binne tsingaro, kawuna ma ya bi kakata.

Yau ni ne sakataren wata komisiyon filaye a nan Damargu. Aikina rubuta rahoto ne da ajiye dosiye, wato kundin takardun kowace ƙara, kuma ina alfahari da cewa ban taɓa rubuta abin da ban gani ba. A wata bazara aka kawo mana ƙara daga garinmu. Maigari ya ba wani manomi, Malam Sani, fili a kufai, domin rairayi ya cinye gonarsa ta gado, ga shi da iyali masu yawa. Dattawa biyu suka tashi suka ce wani sashe na filin maƙabarta ce. Matsalar ita ce ba su yarda da juna ba: ɗaya ya ce kusheyin suna arewa da wani tsohon kututturen aduwa, ɗaya ya rantse suna kudu da shi. Ni da na je wurin sau ɗaya tak, shekaru talatin da suka wuce, ba ni da shaidar da zan bayar.

An tsara za mu tashi da ƙarfe bakwai na safe. Aka jira takardar man mota, aka jira shugaban komisiyo, aka jira shayi ya kai na uku. Ƙarfe goma sha biyu da rabi muka sauka a kufai. Wannan ɗabi'a ban taɓa ganinta rubuce a wata doka ba, amma ban san dokar da ake kiyayewa kamarta ba. Mukan isa gonakin mutane a lokacin da ko mai gonar ba ya son tsayawa cikinta, mu yi minti ashirin muna kare ido da hannu, mu yanke abin da zai bi zuri'a.

Na ɗauki hoto goma sha biyu da wayata. Duka abu ɗaya suka nuna: fili fari, shimfiɗe, da kututture a tsakiya.

Shugaba ya share gumi, ya kira ni da laƙabin Faransanci da ake kiran ma'aikata, ya ce, "Mushe Isufu, rubuta abin da ido ya gani."

Na rubuta: "Ba a ga alamar kabari ba." Na sa hannu, aka buga hatimi. Ma'anarsa, da ruwan farko ya sauka Malam Sani zai shiga da sungumi, kuma bayan shuka ɗaya da noma biyu babu wanda zai sake gane inda aka kwantar da kakata.

Kwana biyu ina jujjuya hotunan nan a biro, wato ofishina. Madam Rahila, ma'aikaciyar gandun daji da ke ɗakin da ke maƙwabtaka da nawa, ta leƙo aron almakashi ta same ni a haka. Na ba ta labari. Ta karɓi wayar ta duba.

"Ƙarfe nawa ka ɗauka?"

"Sha biyu da rabi."

"Haba Mushe! Ni ramukan rabin wata da muke haƙa don tare ruwa, in na ɗauke su a wannan lokaci, manyanmu can sama cewa za su yi ba mu yi aikin ba. Ramin da ɗan akuya zai kwanta ciki ma ɓacewa yake yi, balle kushewar shekara talatin."

Ta buɗe wata manhaja a wayarta wadda take tsara fitarta da ita. Ana sa alama a kan taswira, a zaɓi rana, sai ta zana layi biyu: ta inda rana za ta fito da inda za ta faɗi. Idan aka ja yatsa a kan sa'o'i, tana nuna tsayin rana a sama da tsawon inuwar da abu zai yi. Muka nemo kufai muka sa alama a wajen kututturen. Na ce mata akwai babban tudun rairayi gabas da wurin. Ta ce to safiya ba ta da amfani, domin kafin rana ta haye tudun ta riga ta yi sama. Yamma kuwa fili ne. Kusheyinmu kudu da arewa suke kwanciya, saboda haka hasken yamma zai ratsa su a gicciye. Manhajar ta nuna cewa daga shida da kwata zuwa shida da rabi, tudun da bai wuce yatsu uku ba zai yi inuwa kusan kamu guda. Ta kuma nuna sararin sama zai kasance garau ranar Alhamis, amma daga Asabar hadari zai fara haɗuwa.

"Ka hau tudun nan ka fuskanci yamma," in ji ta. "Ka kare idon wayar da hularka. Allah ya ji ƙan tsohuwa."

Tana magana ina jin muryar kaka. Na yi karatu na sami takardu, amma sai da waya ta lissafa mini da minti abin da tsohuwar da ba ta san harafi ba ta faɗa mini a bakin wuta.

Na nemi mota, shugaba ya ce dosiye ya rufu. Na rubuta takardar neman izinin fita, na ajiye kwafinta, ranar Alhamis na hau babur ɗina. Na aika aka kira Malam Sani da dattawan nan biyu. Muka haɗu a kufai bayan la'asar.

"Mushe, yau kuma waya ce za ta yi mana duba?" in ji Malam Sani. "Ni dai ka sani, ba na noma a kan mutane. Amma iri yana cikin buhu, yara suna gida, takardarku kuma tana aljihuna. In akwai, nuna mini."

Na ce ya ba ni zuwa shida da rabi. Na hau tudu. Dattawan suka zauna suna ci gaba da gardamarsu, kowa yana cewa ɗan'uwansa ya tsufa. Malam Sani ya gaji da zama, ya gangara cikin filin yana auna shi da taku, yana lissafin inda zai fara shuka.

Ƙarfe shida ba a ga kome ba. Shida da minti goma sai ƴan duhu-duhu nan da can, waɗanda mai son musu zai ce kofaton shanu ne. Shida da kwata ta wuce kaɗan, rana ta sauka daidai inda layin manhajar ya nuna, sai filin ya fara fitowa. Inuwoyi dogaye, jere, kowace kudu da arewa, wasu manya, wasu gajeru na yara. Sahu uku arewa da kututture, sahu biyu kudu da shi. Dattawan duka biyu gaskiya suka faɗa, kowa inda ya binne nasa yake tunawa.

Na kare wayar da hula na ɗauka. Na ƙirga talatin da huɗu.

Malam Sani yana tsakiyarsu. Ya dubi dama, ya dubi hagu, ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Sannan ya ɗago kai ya kira ni da ƙarfi: "Mushe, a kan wa nake tsaye?"

Ya tuɓe takalmansa ya riƙe a hannu, ya fito a hankali yana bin tsakanin inuwoyin. Da ya iso gindin tudu ya ciro rahotona daga aljihu ya miƙo mini. "Riƙe takardarka. Sungumina ba zai taɓa nan ba."

Bayan shida da rabi rana ta shiga jan hazo na gefen sama, filin ya koma sumul kamar yadda muka same shi. Muka yi magariba a kan tudu. Ranar Lahadi ruwan farko ya sauka. Kafin nan maigari ya yanka wa Malam Sani wani fili kudu da kufai, mutanen gari kuma sun kewaye maƙabartar da ƙaya. Komisiyo ta karɓi rahoto na biyu da na rubuta ba tare da wanda ya ce uffan game da na farko ba.

Hoton yana cikin dosiye. Nakan buɗe shi in duba inuwoyin nan talatin da huɗu, kuma har yau ban san wacce ce ta kakata ba. Na dai san tana cikinsu, kuma ba a shuka gero a kanta ba.

Shekaru da yawa na ɗauka tatsuniyar a kan Dila take, wato a yi hattara da mugun jagora. A tafiyarmu babu Dila. Babu wanda ya ci hanci, babu wanda ya yi ƙarya. Akwai dai Raƙumin Dawa, mai gaskiya, mai takardun karatu, wanda ya faɗi abin da ya gani bai faɗi lokacin da ya duba ba, kuma sa hannunsa nawa ne. Tun daga ranar, duk rahoton da ya fita daga hannuna yana ɗauke da sa'ar da aka duba wurin, ko shugaba ya so ko ya ƙi, kuma ba na tsara fita sai na duba inda rana za ta kasance.

An ba ni shawara in cire rahoton farko daga dosiye, tun da na biyu ya shafe shi. Na ƙi. Yana nan da hatiminsa da sa hannuna. A gefen layin da na rubuta cewa ba a ga alamar kabari ba, na ƙara kalmomi biyar da jan alƙalami: an duba da tsakar rana.