Yadda Baba ya so ya mai da ni 'yar Dapaong

Shekarar da na ci bak, jarrabawar gama sakandare, wani direba ya kawo wa Baba labari a rumfarsa ta nama a Zangon Sokodé. Wai doka ta fito, jami'a za ta ware kujerun karatun likita ga 'yan ƙuryar arewa, don an daɗe ana barin su a baya. Direban bai ga dokar ba, a rediyon mota ya ji. Amma Baba ya ajiye wuƙa, ya dawo gida ya sanar da mu cewa ashe mu 'yan Dapaong ne, can ƙuryar arewa.

Inna ta tambaye shi tun yaushe. Ya ce tun kakansa, wanda ya taɓa yin damina da shanu a Naki-Est, kusa da Dapaong. Inna ta ce to shanun ya kamata a ba kujerar.

Haka muka hau mota zuwa Dapaong, wurin wani ɗan'uwan Baba dillalin shanu da muke kira Kawu, don ya kai mu gaban mai unguwa a shaida ni 'yar gari ce. Matar Kawu ta wuni tana koya mini gaisuwar Moba, yaren 'yan garin. Na gwada ta a kan wata tsohuwa mai sayar da itace. Ta saurare ni har na ƙare, sannan ta tambaye ni da Hausa ko haƙori ke mini ciwo.

Muna cin tuwo Baba ya tambayi ina ɗan Kawu yake, wanda muka ci bak tare. Kawu ya yi ta sosa ƙeya. Ashe ya tura shi Sokodé, gidan wani aboki a unguwar Kpangalam, don shi kuma an gaya masa 'yan tsakiyar ƙasa aka ware wa kujerun.

Nan gardama ta kaure a kan wa ya fi koma baya. Baba ya ce makarantarmu tana yoyo. Kawu ya ce ai mu muna da rufin da zai yi yoyo. Baba ya ce malaminmu na kimiyya ya gudu.

"Yaya, ku har an kawo muku malamin da zai gudu," in ji Kawu.

Ban taɓa ganin dattawa suna alfahari da rashi kamar ranar ba.

Duk da haka muka je wurin mai unguwa. Ya karɓi goron, ya sa mini albarka, ya ce shi ma bai ga wannan doka ba. Sannan ya nuna Kawu, wanda ya yi furfura a garin, ya ce ko wannan har gobe baƙo ake kiransa.

Muka kamo hanya muka dawo gida. Na shiga jarrabawar neman karatun likita a matsayin 'yar Sokodé, na faɗi. Ɗan Kawu ma ya faɗi. Ni na koma sashen shari'a a jami'ar Lomé, can kudu, shi kuma ya ga wata 'yar Kotokoli a Kpangalam ya ƙi komawa gida.

A makona na farko a aji, wata ɗaliba 'yar kudu ta ji ina Hausa a waya. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce ai mu 'yan arewa mun huta, kujera ake ajiye mana. Na ce ta taimaka ta nuna mini inda ake ajiyewa, mahaifina yana nema.